Alhamis ɗin Majvor

A ɗakin wanki na ƙarƙashin benensu suka ɗauki waƙar, don Sixten, makaɗin fiyanon ƙungiyarsu, ya dage babu inda murya ke amsa kuwwa kamar nan a duk garin Gävle. Sai dai ranar da Ylva mawaƙiyarsu ta sami sarari, layin wankin Majvor ne, tsohuwar hawa na uku. Ga sunanta da fensir a takardar layi, inda kowane mazaunin benen ke kama ranar wankinsa. Sixten, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda ko jar wutar titi bai taɓa tsallakewa ba, ya goge ya rubuta nasa.

Suna tsakiyar amshi ta turo ƙofa da kwandonta. Ta dube su, ta dubi injinan wankin da ko safa babu a ciki.

"Yau fa Alhamis ce," ta ce, ta juya.

Da suka saurari abin da suka ɗauka, sai ga muryarta ta faɗo daidai kan kiɗa.

"Kar ka kuskura ka cire," in ji Ylva tana share hawayen dariya. "Tsohuwar nan ta fi ka kunne, gwani."

Waƙar ta karɓu. Duk Alhamis rediyo sai ta sa, har direban bas yana amsawa. Shekara ashirin da shida Sixten yana jiran wannan rana, ga ta ta zo, shi kuwa sai ya leƙa ramin ƙofa kafin ya fita, gudun haɗuwa da Majvor. Wata biyu a bahon wanka yake wanke kayansa.

Rannan ya tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofa: "Kofi, ƙarfe uku. Majvor."

Ya hau da burodin kirfa, ya cire takalmi, ya zauna a bakin kujera.

"Majvor, ni na goge sunanki."

"Na sani. Ko gogewar ba ka iya ba."

"Waƙar kuma..."

"Na ji ta. Ba laifi, in ban da fiyanon." Ta turo masa takarda. "Rubuta. Ka sa hannu."

Da yamma ya manna ta a ƙofar ɗakin wanki: "Ni Sixten na hawa na biyu na ci layin Majvor, kuma ban wanke komai ba."

Babu maƙwabcin da ya ce masa uffan. Gaisuwa ma ba a rage masa ba. Amma tun daga ranar, kowa da biro yake rubuta sunansa a takardar layi.