Ciyawar da ta Kai Baffa Asibiti

Ba da son ransa Malam Idirisu ya zo Dutse ba. 'Yarsa Safara'u, malamar makaranta a Limawa, ta dage sai likita ya cire masa yanar ido, shi kuwa ya rantse idonsa garau yake. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da ya yarda ba ya gani, ranar 'ya'yansa za su karɓe sandar kiwo su zaunar da shi a gindin bishiya a Aujara.

Da ya ƙi asibiti, sai ta lallaɓa shi zuwa wurin shaƙatawa da la'asar, ko zuciyarsa za ta yi sanyi. Ina! Lilo ya ce wahalar banza ce, mutum ya yi ta tafiya bai bar wuri ɗaya ba. Askirim kuwa ya lasa sau ɗaya ya ce nono ne aka ci wa mutunci.

Can sai ya hango wani fili kore shar, ana tsakiyar bazara. Ya tsaya cak. Nan fa baki ya buɗe. Ya ce ciyawar ƙiri-ƙiri ce 'yar sati uku, in saniya ta kwana biyu a kanta sai ƙwarya ta yi kaɗan. Ya harari Safara'u ya tambaye ta ko makaho na gane ciyawa daga nan. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Shekara sittin yana bin shanu, yarinya ce za ta koya masa ciyawa?

Ya taka har wurin, jama'a na kallo, ya tsuguna ya damƙa ya fizga. Ba ta tsinke ba. Ya ƙara ƙarfi, sai gefen filin ya taso ɗungurungum kamar tabarma, ga siminti a ƙasa.

Mai gadi ya iso yana haki. "Baba, ta roba ce. Shimfiɗa ta aka yi wa 'yan ƙwallo."

Malam Idirisu ya mayar da ita a hankali, ya daddanna da tafin hannu, ya shinshina yatsunsa. Safara'u ta danne dariya har hawaye ya zubo mata, sai kuma tausayinsa ya kama ta.

Suka kama hanya har suka kusa ƙofar fita. Sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa, ƙarfe nawa likitan nan nata yake fitowa.

"Takwas, Baffa."

"Mu je bakwai. Kuma kada zancen ciyawar nan ya isa Aujara."