Jajayen Takalman Fusae

Ni na riga kowa ganin abin. Ba hadarin nake nufi ba, ko da yake shi ma ni na fara hangowa daga bakin teku. Kishin Genzo nake nufi. Ranar da Mitsuo ya dawo ƙauyenmu daga birnin Sapporo da wata farar mota mai ɗaki a ciki, har da gado da murhu da makewayi, na dubi fuskar Genzo na san an taɓa tsohon nan. Ban yi makaranta ba, amma sau biyu teku tana haɗiye ni tana tofarwa. Irina ba a ɓoye masa fuska.

Shekara arba'in, duk sanda dusar ƙanƙara ta toshe hanya aka ɗauke wuta, gidan Genzo ake taruwa. Yana da murhun ƙarfe mai cin itace wanda ya ƙera da hannunsa, shi ke zama gefen wuta, shi ke faɗin inda kowa zai zauna. Ba shi da abin taƙama da ya wuce wannan sai matarsa Fusae, wadda Mitsuo ya taɓa nema suna samari.

A watan Janairu iska ta taso, da hantsi wuta ta ɗauke. Genzo ya hura murhu, ya ɗora miyar kifi ta mutum goma, ya jera matasai, ya zauna jira. Babu wanda ya buga ƙofa.

"Tsoho, ai duk suna motar Mitsuo," in ji Fusae. "Bari in miƙa musu dunƙulen shinkafa in dawo."

"Mota? Akwatin gawa mai taya dai."

"An ce kujerarta har juyawa take yi."

"Ni ma ina juyawa, wa ya taɓa zuwa kallo?"

Ta yi dariya ta fita. Rana ta raba ba ta dawo ba. Miya ta tafasa har ta fara kamu. Genzo ya ɗauki shebur, wai zai share hanya, ya nufi motar iska na marin fuskarsa.

Motar ba ta da wurin ajiye takalma, mu kuwa ba ma shiga ɗakin mutum da su, don haka an tura su ƙarƙashinta gefen ƙofa. Genzo ya tone ƙanƙarar wurin, ya durƙusa ya leƙa. Ga takalman mutum tara, na waɗanda suka ci miyarsa shekara arba'in. Ga kuma jajayen takalman Fusae sun jingina da na Mitsuo, kafaɗa da kafaɗa. Zuciyarsa ta tafasa. Ya miƙa hannu ya fizgo na matarsa ya cusa cikin rigar sanyinsa.

A nan warin ya buge shi. Bututun na'urar ɗumama motar a ƙasa yake, ƙanƙara kuwa ta kewaye motar kamar katanga, hayaƙi ya rasa mafita yana komawa ciki. Masunci ne, ya san abin da hayaƙin inji ke yi wa mutum a rufaffen jirgi. Sai a lokacin ya lura babu mai dariya a ciki.

Na daƙiƙa ɗaya, ya faɗa min da bakinsa, daɗi ya ji. Sannan ya tuna wadda ke ciki.

Ya kwaɗa wa ƙofar shebur. "Mitsuo! Kashe abin nan, sakarai! Ku fito!"

Ina ciki, kaina ya yi nauyi kamar dutse, amma dama ina shirin faɗa musu akwai hayaƙi. Mitsuo ya buɗe yana layi.

"Yaya Genzo, ka zo ganin kujerar?"

"Na zo kwasar gawarku ne, na tarar da saura. Kai, mai mota, ja mutanen nan waje!"

Muka fito muna amai a kan ƙanƙara. Takalman kowa sun daskare kamar itace, sai na Fusae da suka fito daga ƙirjin mijinta da ɗumi. Ta dubi takalman, ta dube shi.

"Me ya kai su rigarka, tsoho?"

"Saka su ki wuce gida."

Da yamma mutum tara na kewaye da murhunsa suna shan miya mai ƙauri, ba wanda ya yi ƙorafi. Genzo ya zaunar da Mitsuo can bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Ya samu abin da yake so, fuskarsa har sheƙi take. Sai Fusae ta ce, tana zuba shayi, "Amma fa kujerar da gaske tana juyawa."

Cokali ya tsaya a hannunsa. Tun ranar bai taka motar ba, sai dai duk sanda ƙanƙara ta zubo za ka gan shi yana share gindinta yana zaginta.

Wanda ya ce ƙarya nake, ga gidan Genzo can, na uku daga tashar jiragen kamun kifi. Ya shiga, ya zauna gefen murhu, ya ce kujerar Mitsuo ta burge shi. In ya fito da miya a cikinsa, ya zo ya aske min gemu.