Takardar Likita a Wurin Mai Ƙosai

Shekara goma sha ɗaya Shatu ta yi tana yi wa dabbobi allurar rigakafi a ƙarƙashin wani ofishin gwamnati da ke Daura. Aiki ne na yawo. Ranar kasuwar Mai'adua tana can cikin kara tana duba shanu, washegari tana garin Babban Mutum wajen masu awaki, wani lokaci har Kongolam. Duk sanda ta dawo sai ta cike fom na alawus ɗin tafiya, shafi ɗaya tak: ina ta je, yaushe ta dawo, sa hannu. Haka ake yi, ba wanda ya taɓa kuka da shi, sai da aka kawo musu Alhaji Abdulmuhaimin a matsayin shugaban sashen mulki.

Mutum ne mai son a ji muryarsa. Bai cika wata biyu ba aka tura shi bita Abuja kan kare bayanan ma'aikata. Ya yi kwana uku, ya dawo da jakar hannu da takardar shaida, wadda ya sa aka yi wa gilashi ya rataye daidai saman kansa, yadda duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya gan ta. Ya tara ma'aikata a baranda ya yi awa biyu yana bayani cewa sirrin ma'aikaci amana ne a wuyan hukuma, kuma shi a wannan fanni ba shi da na biyu a duk shiyyar Daura. Daga nan ya fito da sabon fom mai shafi huɗu. Yanzu sai ka faɗi inda ka kwana, da wanda ka gana da shi, da lambar wayarka, da ta asusun bankinka, in kuma ka ƙara ko da yini guda a kan tafiyar da aka aike ka, sai ka kawo dalili a rubuce da shaida. Da wani ya tambaye shi yadda tara ƙarin sirri zai kare sirri, sai ya ce wanda bai je bitar ba ba zai gane ba.

Ya kuma sa aka sayo kabad na ƙarfe, ruwan toka, ya haɗa makullinsa da na motarsa. Ba a daɗe ba kowa ya san abin da ke ciki, don ƙarfe goma na kowace safiya yakan buɗe shi: gwangwanin madara, sukari, kwalin shayi, da takalmin da yake sakawa ranar Juma'a. Fayil-fayil ɗin ma'aikata kuwa suna ɗakin baya a ƙasa, jibge a jikin bango.

A watan da aka aiki Shatu Katsina ta karɓo magani, ta ƙara kwana biyu. Ta daɗe tana jin wani ƙullutu a nononta na hagu, ba ta gaya wa kowa ba. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tana zaune da 'ya'yanta mata biyu da mahaifiyarta, Inna, mai hawan jini, wadda ko zazzaɓi Shatu ta yi sai ta kasa cin abinci. Likita ya duba ta, ya ce sai an yi aiki an cire, a kai gwaji a ga ko mene ne. Ya ba ta takarda, ya sa mata rana bayan wata biyu. Ta yanke shawarar ba za ta faɗa wa Inna ba sai ana saura kwana biyu, don tsohuwar ta yi fargabar kwana biyu kawai.

Ba ta nemi ko kwabo a kan kwanakin da ta ƙara ba. Duk da haka fom ɗin ya dawo mata da jan biro: kwana biyu ba bayani. Ta shiga ofishin Alhaji ta ce asibiti ta je, magana ce tata ta kanta, tana roƙon a bar ta haka. Ya ce gwamnati ba ta san maganar baki ba, takarda ta sani, in ba shaida kuwa zai rubuta ta yi fashin aiki. Washegari ta kawo takardar likitan a ambulan, ta liƙe bakinta. A gabanta ya farke, ya karanta yana motsa leɓe, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya huda takardar ya ɗaure ta cikin fayil.

"Ki kwantar da hankalinki, Malama Shatu," ya ce. "A nan ta fi tsaro a kan cikin akwatinki."

Bayan mako uku aka ce manya za su zo daga hedikwata duba ofis. Aka yi fenti, aka yi wa duwatsun bakin ƙofa farar ƙasa, aka share ɗakin baya tas. Shatu tana ƙauye duk makon, ba ta ga komai ba.

Ranar Asabar da hantsi Chinenye ta yi sallama gidanta. Ita da mijinta ke da shagon kayan gyaran babur a kan hanyar tasha, sun shekara ashirin a Daura, kuma Shatu ce ke yi wa kajinta allura. Ba ta zauna ba. Ta gaida Inna, ta ce kajinta ne ba lafiya, ta ja Shatu zaure, sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda a ninke, mai ya ratsa ta har ana ganin yatsa ta baya.

"Hajiya, ki yi haƙuri, na karanta kafin in ga sunanki," ta ce a hankali. "Ƙosai na saya wajen Kubura, a ciki ta naɗe min."

Shatu ta buɗe. Ga tambarin asibiti, ga sunanta, ga ɗan zanen da likita ya yi ya sa alama a gefen hagu, ga hujin da Alhaji ya yi a kusurwa, yaji ya maƙale a bakinsa. Ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Chinenye ta ce akwai wani shafin da ya riga ya tafi: wani mutum da ke gabanta a layi ya samu fom ɗin da Shatu ta rubuta dalilin ƙarin kwana, ya tsaya yana karanta wa na kusa da shi. Ta ce za ta sa ta a addu'a, ba kuma wanda zai ji daga bakinta.

Shatu ta ɗauki hijabi ta nufi bakin tasha. Kubura tana kwashe kaskon ƙarshe, buhu biyu na takardu a bayanta, ɗaya ya kusa rabi. Ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ke ciki ba. Ta ce Baba Auta, dattijon masinjan ofishin su Shatu, shi ya kawo mata, ya ce ogansu ne ya ce a rabu da su kafin baƙi su zo. Har ta yaba kayan, ta ce takardar gwamnati daban ce, tana da kauri, ba ta saurin jiƙewa kamar jarida. Da Shatu ta gaya mata abin da ta yi kwana biyar tana naɗe wa mutane, sai ta ajiye matsami ta riƙe baki. Shatu ta mayar mata da kuɗin da ta biya Baba Auta, ta tsayar da keke napep ta loda buhunan zuwa gida.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Alhaji Abdulmuhaimin ta same shi yana motsa shayi. Ta ajiye takardar mai maiƙo a kan teburinsa. Ya kalle ta, ya janye hannun rigarsa kada ta ɓata masa. Da farko ya ce laifin masinja ne, shi shara ya ce a kwashe. Da ta ce a kira Baba Auta a tambaye shi, sai ya ce ai beraye ma sun riga sun lalata fayil ɗin. Daga baya ya ce wanda ya gada ne ya bar ɗakin a hargitse. Can sai fuskarsa ta washe, kamar ya tuno wani darasi daga bitar, ya ce wannan babban lamari ne, zai kafa kwamitin mutum uku, shi zai shugabance shi. Ita kuma ta rubuto koke, ta haɗa da kwafi uku na takardar likitan, ɗaya ga kowane ɗan kwamiti.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "takarda ɗaya na ba ka, ta kai bakin tasha. In na ba ka uku, ina za su kai?"

Ya ce ta lura da yadda take magana da na gaba da ita. Ta ɗauke takardarta ta fita.

Yamma uku ta yi a ɗakinta tana ware buhunan, ta gaya wa Inna aikin ofis ne. Tana duba suna a saman shafi ta kife, ba ta so idonta ya sauka ƙasa, amma wani lokaci yakan riga ta. Ta ga abin da ba ta so ta sani game da mutanen da take gaisawa da su kullum: wanda ya ƙara kwana a Kano don kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa, wadda ta ƙara yini don zaman kotu da tsohon mijinta. Duk an tilasta musu kawo shaida, duk sun kawo. A ƙasan buhu na biyu ta tarar da fayil ɗin Alhaji, ba a taɓa shi ba. Wannan kam ta buɗe da gangan. Tafiya goma sha huɗu, fom goma sha huɗu, kowanne da sunansa a sama da sa hannunsa a ƙasa, tsakiya fari fat. Inda aka ce a faɗi dalilin tafiya ya rubuta "aikin gwamnati". Shi ya cike, shi ya duba, shi ya amince. Shatu ta yi dariya ita kaɗai, dariyar da ba daɗi a cikinta.

Ta sayi ambulan, ta zuba wa kowa nasa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta miƙa musu hannu da hannu. Wasu suka yi godiya, wasu suka karɓa suka kasa haɗa ido da ita. Na Alhaji ta ajiye masa a kan tebur. Ya leƙa ciki, ya tambaye ta ko ta karanta. Ta ce ba abin karantawa a ciki.

Kafin la'asar takardar tuhuma ta iso mata: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ta mallaki takardun sirri na gwamnati ba da izini ba, ta kuma rarraba su. Ta amsa a layi biyu, ta ce a wajen Kubura mai ƙosai ta saye su, bakin tasha, kusa da mai faci, ana samunta kullum daga ƙarfe shida na safe in kwamiti yana son ganinta. Ba a sake ta da maganar tuhumar ba.

Manya suka zo ranar Alhamis. Suka yaba fenti, suka yaba tsaftar ɗakin baya. Da ɗayansu ya nemi a buɗe kabad ɗin ƙarfe, Alhaji ya dafa shi ya ce ƙa'idar kare sirri ta hana buɗe shi a gaban jama'a. Suka jinjina kai, suka rubuta a littafin baƙi cewa sauran ofisoshi su yi koyi. Kwamiti ya zauna sau ɗaya, aka sha lemo, aka samu Baba Auta da laifin rashin fahimtar umarni, aka dakatar da shi mako biyu, mutumin da saura wata takwas ya yi ritaya.

Abin da Shatu ke gudu bai jira ranar da ta sa masa ba. Wata maƙwabciya ta shigo Shatu tana ofis, ta zauna kusa da Inna ta yi mata jaje, ta ce duk unguwa ana yi wa Shatu addu'a, Allah ya sa ba ciwon daji ba ne. Da Shatu ta dawo ta samu tsohuwar zaune a bakin gado, abincin rana a rufe ba a taɓa ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta sa Shatu ta zauna, ta ce ta nuna mata wurin, ta ɗora tafin hannunta a kai ta daɗe tana addu'a. Sannan ta ce:

"Ni na shayar da ke, Shatu. Amma masu cin ƙosai sun riga ni sani."

Shatu ta kifa kai a cinyarta.

Ranar da za a yi wa Shatu aikin Inna ta ƙi zama a gida duk da hawan jininta, ta bi ta Katsina, ta kwana biyar a kan tabarma a gefen gado. Aka cire ƙullutun, bayan mako uku sakamako ya fito, likita ya ce ba daji ba ne. Chinenye ta zo dubiya da kaza biyu cikin waɗanda Shatu ta yi wa allura.

Ranar da ta koma aiki ta tarar da mutane a baranda ana jiran motar ƙauye. Alhaji Abdulmuhaimin ya fito daga ofishinsa, an riga an gayyace shi Kaduna ya gabatar da laccar yadda ya gyara ajiyar takardu a Daura, sai fara'a yake. Ya hango ta, ya ɗaga murya daga can yana mata barka da arziki, ya tambaye ta a gaban direba da masu gadi ko ɓangaren hagun ne dai aka yi wa aikin. Shatu ta dube shi daga hula har takalmi. Ta juya ta tambayi Baba Auta ko an sa ƙanƙara a kular magani, don kasuwar Mai'adua ta fara ci.