Masu Ciyar da Mai Shara

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma a gidanmu ko magana na ɗauko ba na kai ta ƙarshe sai wani ya karɓe. Wannan shafin ma sau uku ina yaga shi. Idan kun ga na yi wa manyana kaushin baki, Allah ya sani na rage da yawa.

A falonmu akwai akwatin gilas na kifi. Baba ne ya saye shi, saboda ya ga irinsa a ofishin manajansu. Ya saya, ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi hoto, aikinsa ya ƙare. Mama ce ta riƙa kula da shi. Kifi bakwai ne a ciki: shida jajaye masu jela kamar mayafi, sai ɗaya mummuna mai launin ƙasa, bakinsa a ƙarƙashin kai, yana manne wa gilas yana lashe gansakuka. Mama ta sa masa suna Mai Shara. Yini yake yi a cikin kogon wani dutse, sai mai sa'a ke ganin jelarsa.

Da Mama za ta tafi jinyar ƙanwarta, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu ta ce mini, "Malama, sau ɗaya a rana, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ki kula mini da Mai Shara, shi kaɗai ne mai aikin yi a cikinsu."

Malama sunan da suke kirana ne saboda littattafai. Ba girmamawa ba ce.

Goggo, yayar Baba, ita ta zo riƙe gida. A makon farko Baba ya ce ƙarar injin da ke hura wa ruwan iska tana hana shi jin labarai, aka zare shi. Na mayar. Yayana, wanda muke kira Injiniya domin babu abin da bai taɓa kwancewa ba kuma babu wanda ya taɓa ɗaurawa, ya sake zarewa ya soka cajar wayarsa. Na sake mayarwa, ya ce in na ƙara taɓa soket ɗin sai na ga yadda littafi ke iyo.

Bayan kwana biyu kifayen suka hauro saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa.

Goggo ta dafe ƙirji. "Wayyo bayin Allah! Auta, a gidanka ake barin mai rai da yunwa?"

Auta shi ne Baba, da furfurarsa da komai.

Na ce, "Goggo, ba yunwa ba ce, iska suke nema, tunda an..."

"Iska? Kifi? Tsuntsu ne shi? Ke dai karatun nan zai ƙarasa ki."

Ta buɗe gwangwanin abincinsu ta zazzaga. Daga ranar abin ya zama gasa. Goggo na ba su bayan kowace salla. Baba na ba su in zai fita da in ya dawo, yana waiwaye ya ga ko yayarsa ta gani. Injiniya na ba su don ya ɗauki bidiyo. Kifi na haki, su kuma suna jin daɗin kyautarsu. Na ɓoye gwangwanin a bayan ƙamus, Goggo ta koma marmasa musu burodi, ta ce mini marowaciya.

Ruwa ya fara da fari kamar an wanke kofin madara a ciki, ya koma kore, ya koma wani launi da ban san sunansa ba. Abinci ya kwanta a kan tsakuwa ya yi gashi. Falon ya ɗauki wari, Goggo ta ƙara turare. Jajayen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ni nake kwashe su da matacin shayi. Duk wanda ya mutu sai Goggo ta girgiza kai ta ce, "Ka gani? Wahalar baya ce, tun kafin in zo." Sai ta ƙara wa sauran.

Ranar Laraba na kwashe na shida. A ranar Baba ya shigo da saurinsa ya ce Manaja zai zo gaisuwa ranar Asabar da la'asar, kuma ya riga ya gaya masa akwatinmu ya fi na ofis kyau. Ya dubi akwatin da kyau, karo na farko tun ranar hoto.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? Wa ya yi wannan?"

Duk suka juyo suka kalle ni.

Na faɗi abin da na karanta, kuma na ga Mama na yi. A mayar da injin. A daina ba da abinci kwana biyu. A sa tiyo a tsotse dattin tsakuwa, a rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a cika da ruwan famfon da ya kwana a buɗe, don maganin da ake sa masa ya fita. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kada sabulu ya kusanci komai.

Injiniya ya tuntsire da dariya. "Kashi ɗaya cikin uku! Ke in za ki yi wanka kashi ɗaya cikin uku kike wankewa?"

"Wanki ba sabulu," in ji Goggo. "Wannan in ta yi aure sai dai mu je da namu kwanon."

Baba ya ɗaga hannu. "Injiniya, safiyar Asabar. Ina so in ga fuskata a jikin gilas ɗin nan."

Na tari ruwa a bokiti biyu na kai ɗakina na bar su a buɗe. Na ɗauko babbar robar wanki ta Mama, sabuwar da ba a taɓa sa mata sabulu ba, na tura ƙarƙashin teburin karatuna.

Safiyar Asabar Injiniya ya naɗe wando ya ɗaura tsumma a ka, sai ka ce rijiya zai haƙa. Ya ce in fitar da "wannan mummunan" daga gabansa. Na ɗaga dutsen. Mai Shara na kwance a ƙasa, ya koɗe, gefen kansa na buɗewa da kyar. Na tallafe shi da kwano da tsohon ruwansa. Na ɗebi tsakuwa cikin tafi biyu, na kai su duka cikin robar ɗakina, babu wanda ya tambaye ni.

Shi kuwa ya yi aiki, wannan ba zan hana shi ba. Ya zubar da ruwan kaf. Ya zuba garin sabulu ya dirji gilas da soson ƙarfe. Ya wanke tsakuwa da ruwan wanke kwanuka, ya jiƙa soson tace ruwa a bilic. Goggo ta kawo ɗan maganin goge tayil mai ƙamshin lemo ta ce a ɗiga, saboda baƙo. Ya ɗauraye sau ɗaya, ya ja tiyo daga famfo ya cika har baki. Akwati ya yi tas, yana sheƙi.

Baba ya ga fuskarsa. Ya gyara hula a ciki.

"Malama, kawo kifin ki zuba. Yi sauri, an kusa."

Na shiga ɗaki na durƙusa. Mai Shara na cikin roba, tsohon ruwa gauraye da wanda ya kwana, bai motsa ba tun safe. Na san in ya shiga wancan ruwan mai ƙamshi ba zai kai magariba ba. Na san kuma in na ce a'a, Injiniya zai shigo ya ɗauke shi da hannunsa. Na cika kwano da ruwa zalla, na rufe da faranti, na fito. Na tsoma kwanon har ƙasan akwatin, kusa da dutse, na zame farantin, na ɗago.

"Ina yake?" in ji Baba.

"Ai ka san halinsa, Baba," na ce, ina kallon ƙafata.

"Munafuki, har ya shige kogo. Sa injin, Injiniya, yau ranarsa ce."

Manaja ya iso, mutum mai tumbi da tabarau. Aka gaisa, aka zauna, Baba ya kasa haƙuri ya ja shi gaban akwati. Injin na hura iska, kumfa ta fara taruwa a sama, fara fat, tana hauhawa.

"Wannan kumfar fa?" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, sabon tsari ne," Injiniya ya ce. "Alamar ruwa na da lafiya."

"Haka ne, haka ne. Ina kifayen?"

"Ɗaya muka bari," Baba ya ce. "Ba a haɗa irinsa da wasu. Ɗan gata ne, ba ya son idon mutane."

Manaja ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar, ya manna hanci a gilas. Ya daɗe.

"Ga jelarsa can," ya ce. "Kai, babba ne!"

"Ya ƙoshi ne," in ji Goggo, tana gyara mayafi. "Da na zo ƙashi ne da fata. Bari ka ga yadda ya san hannuna."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da burodi, ta marmasa a kan kumfar. Su huɗu suka jeru, kai da kai, suna jiran dutse ya yi motsi. Baba na ƙwanƙwasa gilas da zobe yana cewa, "Fito mana, ka gaida manya." Injiniya ya ɗaga waya.

Na tattara kofunan shayi, don a ce aiki ne ya fitar da ni. Na ajiye su a kicin, na bi ta baranda na shiga ɗakina, na tura ƙofa a hankali. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Mai Shara ya bar ƙasan robar ya manne a gefenta, bakinsa na aiki. A falo na ji Manaja na cewa ya sake ganin jelar. Na jawo zanin gado na sauke shi a bakin teburin, na buɗe littafi.