Fayil ɗin Abba Gana

Abigail ta ɗaga fayil ɗin ta karkaɗe shi, kashin ɓera ya zubo kan tebur. A ofishin lauyoyin kyauta na Haɗeja ita ce lauya, ita ce akawu, ita ce mai shara, tun da aka yi wa abokin aikinta canji ba a turo kowa ba.

Wannan fayil ya hana ta sakat. An rubuta Abba Gana, masunci, an tsare shi kan rigimar wani tafki a wajen Baturiya. A ƙasa kuma da rubutun wanda ya tafi: "Na je gidan yari, babu mai wannan suna." Wata tara ke nan ba wanda ya koma, don sau ɗaya ake ba da kuɗin mai a wata uku, shari'o'i kuwa sun fi ɗari. Ga shi gobe babban joji zai shiga gidan yarin ya sallami waɗanda suka daɗe ba a saurare su ba, kuma ƙarfe biyun yau za a rufe karɓar sunaye.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne uwarsa, Mairo. Kowace Litinin sai ta zo ta zauna a bencin bakin ƙofa da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce daga nan wajen yaron za ta. To idan ba ya can, wa yake cinye ƙuli-ƙulin?

Yau ma tana kan bencin. "Inna, shigo ki zauna," in ji Abigail. "Wai idan kin je, ganinsa kike yi da idonki?"

"Ƙwarai kuwa, 'yata. Ya dai rame."

"Wa kike cewa a kira miki?"

"Ai sun san ni. Da sun hango ni sai su leƙa su fito da shi."

Abigail ta tsura wa fayil ido. Shekararta huɗu da barin Jos, tana ganin ta gama sanin garin nan, ashe da sauranta.

"Inna, Abba ɗin nan sunan yanka ne?"

Mairo ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Haka dai muke kiransa."

"Na sani. Me liman ya raɗa masa?"

"Sunan mahaifin maigidana ne, Allah ya jiƙansu su duka. Kuma shi ne na fari."

Nan take Abigail ta gane. 'Yan sanda sun kwafi sunan da ke jikin katin zaɓensa, ita kuma uwa ta ba ofis sunan da bakinta zai iya faɗa. Haushi ya kama ta, amma ba na tsohuwar ba. Da an samu man komawa sau ɗaya tak, da tuni magana ta ƙare.

"Ba wanda zan kira a waya ya faɗa mini?"

"Ƙannensa suna fadama wajen yankan shinkafa. Can waya ba ta shiga."

Agogo ya nuna ɗaya da kwata. Abigail ta ɗauko biro, ta sassauta murya. "To bari in riƙa jero sunaye, idan na faɗa daidai sai ki gyaɗa kai. Abubakar? Usman? Sulaiman?"

Ta jero sun kai goma sha biyar. Mairo ba ta gyaɗa kai ba, tana ta murza bakin ƙullin da ke cinyarta. Tausayinta ya kama Abigail.

"Idan aka wuce ƙarfe biyu fa?" in ji Mairo.

"Sai wata shekarar, Inna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Mairo ta waiga ƙofa, ba kowa sai wani mai keke-napep da ke gyangyaɗi a inuwa. Shekara ashirin da bakwai tana ce wa ɗan nata "kai", tana ce wa mutane "yaron nan". Ta matso da kujerarta, ta sunkuyar da kai.

"Abdulfattah," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Abigail ta rubuta da sauri, ta suri jaka, ta ƙwala wa mai keken kira. Har ta kai bakin ƙofa ta tuna ba ta ɗauki makulli ba. Da ta juyo, sai ta tarar da tsohuwar tana nan yadda ta bar ta, hawaye na bin kuncinta, tana sake faɗar sunan a hankali, ba kowa take gaya wa ba.