Igiyar Yagana a Kan Kuka

Roron gyaɗa na fita ranar, Allah ne shaidata, ba sawun kowa na bi ba. An gama kaka, tafkin bayan garinmu ya janye sai ɗan ruwan tsakiya, zabin daji kuwa duk safiya nan suke taruwa, ƙarƙashin tsohuwar kukar da ke bakin hanyar Roni. Ina sunkuye da ƙwaryata na hango mutum yana zagaya kukar nan. Ya yi gabas, ya dawo, ya ɗaga kai, ya kama ƙugu. Da na matsa sai na ga maƙwabcina ne, Dunoma maharbi, mijin Yagana.

Shekara biyu ke nan da Dunoma ya faɗo daga wata tsamiya ya karya cinya. Wata huɗu Yagana tana ɗauke masa fo. Da ya miƙe, a gabana ta gaya masa: bindiga dai ga ta nan, ya yi harbinsa a ƙasa, amma ranar da ya sake hawa bishiya za ta haɗa kayanta ta koma Kazaure wurin 'yarsu Ummi Kulsum, shi ya nemi mai jinyarsa. Igiyar hawansa ma yayyanka ta ta yi, ta ɗaure awaki da ita. Yagana kuwa ba ta magana biyu.

To ga shi yau zabi biyu a yashe gindin kuka, ga igiya tana reto daga reshe, can sama, ya kai gaba biyar. Igiyar kuwa ko makaho ya shafa ya san ta. Ta rijiyar Yagana ce, wadda ta tufka da hannunta daga zaren buhu, ja da kore.

Ni jikar Fulani ce, shi Babarbare, akwai wasa tsakaninmu. Na ce, “Bawana, rijiya aka haƙa a sama?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Yaya Dela, ki rufa mini asiri.”

Nan ya zayyana mini. Su maharba jifa suke da igiya ta haye reshe, su zura bakinta cikin zarge, su ja, zargen ya tafi sama ya shaƙe reshen. Amma kafin a ja, akwai ɗan siririn zare da ake ɗaurawa a wuyan zargen, mai tsawon da zai taɓo ƙasa. In an sauko, shi ake ja, zargen ya biyo shi, igiya ta faɗo. Tsohuwar igiyarsa shekara talatin zaren yana jikinta, har ya manta cewa ɗaura shi ake yi. Ya sato ta rijiya, ya wurga, ya ja, ya hau, ya harbi zabinsa, ya sauko yana jin kansa saurayi. Ya miƙa hannu neman zare, babu.

Na ce ya koma sama mana ya kwance, ya ruɓanya ta a reshen ya sauko. Ya ce ya gwada sau biyu. Hawan farko ƙarfin hali ne ya kai shi, yanzu cinyar ta ƙi. Ya sake gwadawa ina kallo. Ya dafa ƙafa a jikin kukar, ya ja jiki ya kai kamar tsayin mutum, sai ƙafar ta hau rawa. Ya zamo, tafin hannunsa duk ya saluɓe.

Rana tana ta hawa. Yagana kuwa da an sallame azahar take jan ruwa, ba ta saɓawa. Muka samo karan dawa muka ɗaɗɗaura uku da ɓawon kalgo, muka maƙala lauje a kai. Yana ɗagawa karan ya lanƙwashe, laujen ya faɗo kusa da ƙafata. Ya ce ko ya harbi ƙullin? Na ce harba, gari ya zo kallo. Na ce yanke iya inda hannunka ya kai ka mai da sauran. Ya ce guga ba zai taɓa ruwa ba, guntun da ya rage kuma duk mai tafiya kasuwar Roni sai ya gan shi. Ɗan acaɓa ya wuce, Dunoma ya rungume igiyar ya laɓe bayan kuka, ni kuma na duƙa ina tonon ƙasar da ba gyaɗa.

Daga ƙarshe ya tura mini zabin nan biyu cikin ƙwarya, ya rufe da ganye. Wai in je in riƙe Yagana da hira har la'asar, ko cinyar za ta huce ya hau. Na karɓa. Zabi ne fa.

Tun a hanya bakina ya fara ƙaiƙayi. Na gamu da Zaituna mai ƙosai, ta ce ina labari, na ce sai alheri, na wuce da sauri kamar ana kora ta. Rabon da in riƙe zance irin wannan a cikina har na manta. Na ajiye ƙwarya a ɗaki, na fito, na koma na duba ta, na sake fitowa.

Na iske Yagana a tsakar gidanta, guga a hannu ba igiya. Na kawo mata zancen bikin gidan liman, ta ce uhm. Na kawo na surukar Zaituna da ta yi yaji, wanda da ma take so, ko kallona ba ta yi ba. Ta leƙa rumbu, ta ɗaga tabarma, ta duba turken awaki. Na zauna, na tashi, na ce bari in taya ta nema, na shiga ɗaga tukwane.

Ta tsaya ta dube ni. “Yaya Dela, yau ke ce da taya aiki?”

Na ce zumunci ne. Ta matso ta cire wani abu daga gefen zanena. Gashin zabo ne, mai ɗigo-ɗigo. Ta juya shi a hannu, ta tambaye ni ko a gonar gyaɗa yake tsirowa. Ni dai abin da na ce kawai, kuka ba ta da laifi. Ta shiga ɗaki, ina jin ƙarar akwatin ƙarfe ana jawo shi daga ƙarƙashin gado. Ta fito da mayafi ta ce in wuce gaba.

Muka same shi zaune a gindin kukar, ya miƙe ƙafa, bakin igiyar a cinyarsa. Ya dube ni, na dubi tafki. Yagana ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon reshen, sannan ta kalli hannuwansa.

Ta ce, “Baban Ummi, hau ka sauko mini da igiyata. Ruwa zan ja kafin in tafi.”

Ya yunƙura ya miƙe. Ya kama igiyar, ya dafa ƙafa ɗaya. Ni kam na san taurin kan mutumin nan. Ya tsaya a haka, ya tsaya, har na ji kiran sallah daga gari. Sai ya sauke ƙafar.

“Ba zan iya ba, Yagana.”

“Ban ji ba.”

“Na ce ba zan iya ba. Na gama.”

Shekara biyu tana jiran kalmar nan, ni shaida ce, don ko ranar da maɗori ya yi masa ɗori cewa yake santsi ne ya ja shi. Ta karɓi wuƙarsa, ta yi ɗage, ta yanke igiyar iya inda hannunta ya kai, ta naɗe sauran a kafaɗa. Ta nuna guntun da ke reto ta ce wannan a bar shi a nan, kada wanda ya taɓa. Duk ranar kasuwa za ta dube shi. Muddin yana sama, tana gidanta. Ranar da ta ga babu shi, ba sai ta tambayi wanda ya hau ba.

A hanyar gida shi yana gaba yana ɗingishi, mu muna baya. Ta ce tunda igiyarta ta gajarce, tawa za ta riƙa ɗauka har ta tufka wata. Na ce to. Ta ce zabin kuma in aiko mata da su, da ƙwaryar. Na ce ɗaya dai. Ta ce biyu.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gado da yamma, ta katanga na jiyo. Guntun igiyar yana nan har yau, jan ya koɗe, koren ne ya rage. Dunoma ya roƙe ni kada zancen ya fita, na kuwa riƙe masa har washegari da hantsi, da Zaituna ta zo aron turmi.