Ƙwai Sittin Babu Lamba

Da hannuna na yi wa kaina ɓarnar, shi ya sa na rasa wanda zan huce a kansa.

Shekara biyu ina bincike a kan abu guda: yadda ɗan tsako ke zama mace ko namiji tun yana cikin ƙwai. Da farko duk iri ɗaya suke, kowane da gaɓoɓin haihuwa biyu, hagu da dama. Idan mace ce, sai jikinta ya fara fitar da sinadarin mata, ta hagu ta girma, ta dama ta shanye. Ni kuwa ina yi wa ƙwai allurar maganin da ke hana sinadarin nan fita, in ga ko macen za ta bi hanyar maza. Talatin na yi wa maganin, talatin ruwan gishiri kawai don kwatantawa. Kwalbar maganin ta ƙarshe ce, kuma Farfesan da ke duba aikina ya ce daga wannan babu ƙarin lokaci.

Ranar kwana na tara, ƙwai ɗaya ya ruɓe ya fashe a cikin injin ƙyanƙyasa. Wari kamar ya kashe mutum. Na kwashe sauran, na bi su da auduga da sifirit ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina gwanar tsafta. Sai da na gama na lura audugar ta yi baƙi. Lambobin da na rubuta da tawada duk sun tafi, kuma na cakuɗa tiren na magani da tiren na ruwa.

Na zauna, na tashi. Na ɗaga ƙwai a fitila kamar tsakon zai faɗa mini abin da aka ba shi. Na kira Farfesa, na kashe kafin ta shiga. Tsoro ya kama ni sosai.

A haka Baba Mai-injin ya shigo, dattijon da ke kula da ɗakin binciken tun kafin a haife ni.

"'Yata, lafiya kike zagaye tebur kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

"Baba, na kashe kaina. Ban san na magani ba, ban san na ruwa ba."

Ya sa tabarau, ya juya ƙwai ɗaya ta gindi, inda ya toshe hudar allura da ɗigon kyandir.

"Wannan ja ne, na ruwa. Wancan fari, na magani."

Na tuna. Ranar allurar, muna gama tiren farko ya ce farin kyandir ya ƙare, ya ɗauko ja. A gaban ɗalibai na ce masa nan ba ɗakin kwalliya ba ne, in aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa. Ya ci gaba da ɗiga jan kyandirinsa.

"Ka tabbata daidai kan talatin ya ƙare?"

"Ƙirga ki gani."

Fari talatin, ja ashirin da tara. Na sake ƙirgawa, haka dai.

"Allah ne ya sa kyandir ɗin ya ƙare," na ce.

"Allah ne kam," in ji shi, ya jawo aljihun tebur zai ajiye tabaransa.

Fararen kyandir ne cike a ciki, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Ya ga na gani.

"Ke ce ta huɗu da na ga ta amince da tawada," ya ce. "Miƙo tiren, kada su yi sanyi."